Ina Hotunanmu Za Su Kwana?

A shekarar 1839, lokacin da aka shelanta wa duniya fasahar ɗaukar hoto a birnin Faris, Abubakar Atiku ɗan Shehu ne Sarkin Musulmi a Sakkwato. Ya hau a 1837 bayan rasuwar wansa Muhammadu Bello, ya rasu a 1842, babu wanda ya taɓa saita masa kyamara. Mu 'yan Ƙofar Atiku kullum sunansa na bakinmu in za mu yi wa ɗan kabu-kabu kwatance, amma ba wanda ya san kamanninsa. Abin da ya iso mana game da shi, shekarunsa da yaƙoƙinsa da danginsa, ta takarda ya biyo: wani ya rubuta, wani ya kwafa, wani ya sake kwafa. Yau ɗan kabu-kabun nan da kansa yana yawo da hotuna dubbai a aljihu, na ɗaurin aurensa, na sunan ɗansa, na mashin ɗinsa ran da aka fitar da shi daga kwali. Ina shakka ko jikansa zai ga goma daga ciki.

Da ƙuruciyarmu hoto abu ne da ake yi wa shiri. Sai an yi wanka, an sa kayan Sallah, an shafa mai har goshi na ƙyalli, sannan a jera zuwa shagon mai hoto. Can akwai labule mai zanen bene da wasu itatuwan da ba su tsira a ƙasarmu, akwai furen roba, akwai kan tarho da ba a jona da komai ba, yara na faɗa a kan wanda zai riƙe. Mai hoto ya ce kar a motsa, kar a ƙifta. Fim ɗinsa ɗauka 36 yake ci, wani 24, don haka ba ya ɓarnar ko ɗaya, kuma ba zai kai wanki ba sai ya cika. Sai ka yi ta sintiri kafin ka ga fuskarka. In ka fito ido a rufe, haka za ka karɓa ka biya.

Tambayar farko da mai hoto ke yi ita ce, "Kwafi nawa?" Ba a cika wanke ɗaya tal ba. Uku ne ko huɗu: na gida, na yaya da ke aure a Gusau, wanda za a sa cikin wasiƙa zuwa ga ɗan'uwa mai karatu a Zariya, da na aboki. Shi kuma mai hoto ya riƙe baƙin fim ɗin a ambulan, ko bayan shekara ka koma zai sake wanke maka. Zumunci ne ya sa ake haka, ba wanda ke tunanin adana tarihi. Duk da haka hoto guda sai ya kwana a gari uku.

A yawancin gidajenmu ba a rataye hoton mutum a bango, saboda abin da malamai suka faɗa a kai, don haka a akwati hotuna ke zama. Wata gwaggona, Allah ya jiƙanta, tana da adakar ƙarfe a ƙarƙashin gado. In ta buɗe, kafur ne zai fara dukan hancinka. A ƙasan zannuwa akwai gwangwanin biskit, a cikinsa hotunan ke naɗe da tsohon ɗankwali. Ba su kai hamsin ba. Gara ta ci kusurwar wasu, biyu sun manne da juna tun shekarar da ɗakin ya yi yoyo. Takan ɗauko ɗaya ta riƙe shi ta gefe, ta nisanta shi da ido, ta ce, "Wanga kakanka na, shekarad da yad dawo Makka. Wagga ta tsaye ƙanwatai ta, wadda anka kai Argungu." In ka juya bayan, wani ya riga ya rubuta suna da shekara da biro, cikin ajami. Da aka tashi buga kalandar taron zuri'a aka nemi hoton kakan nan, namu ya riga ya dafe, fuskar ba ta ganuwa. Na gidan Argungu aka aika aka karɓo, garau da shi.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a Sakkwato. Littattafan Shehu da Abdullahi da Bello da Nana Asma'u ba inji ya buga su a zamaninsu ba. Almajiri ne zai zauna da tawada da alƙalamin kara ya kwafa, in ya gama sau da yawa ya sa sunansa a ƙarshe, wani lokaci har da ranar gamawa, sannan a karanta a gwada da na asali. Kwafi ya tafi Gwandu, wani Kano, wani Yola. Infaƙul Maisuri da Bello ya kammala a 1812, da a ce kwafi ɗaya ne a ɗaki ɗaya, gobara guda ko damina guda ta ishe shi. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratso ƙasar nan a 1853, a Gwandu ya samu Tarihus Sudan, tarihin Tumbuktu da daular Songhai wanda Abdurrahman Sa'adi ya rubuta tun ƙarni na 17. Littafin Tumbuktu, a Gwandu! Wani bawan Allah ne ya ga ya dace ya kwafa ya taho da shi. Irin waɗannan takardu ne Waziri Junaidu ya gada ya kuma tara, masu bincike irin su Murray Last suka zo suka zauna gabansa suka karanta, har daga baya aka sa wa cibiyar tarihi ta jiha sunansa. Takarda abu ne mai rauni, gara na ci, ruwa na ci, wuta na ci. Yawan hannuwan da ta bi ne ya tsirar da ita.

Sauyin bai zo mana rana ɗaya ba. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a watan Agustan 2001, kuma na farkon ba su da kyamara. A tsakanin nan aka yi yayin faifan CD: an gama biki, mai bidiyo ya kawo faifai cikin leda da hoton amarya a manne. Duk mun ɗauka abin ya dawwama ke nan. Je ka ɗauko na bikin yayarka yanzu ka gani. Ko ya karce, ko bayansa ya fara ɓarewa, in ma lafiyarsa lau, kwamfutocin yanzu ba su da bakin da za a saka shi. Sai ga Nokia mai kyamara da memori mai giga ɗaya, sai BlackBerry, sai Tecno da Itel da Infinix suka sa kyamara a hannun mai shayi da mai faci. Shagunan hoto suka koma hoton fasfo da kwafin takardun makaranta. Kodak da kansa, kamfanin da fim ɗinsa ya cika duniya, a Janairun 2012 ya nemi kotu ta kare shi daga masu bin sa bashi. Tambayar "kwafi nawa?" ta mutu, domin kowa na ganin in yana so ai sai a tura masa.

Ban ce an yi asara zalla ba. Gwaggona ba ta da hoton mahaifiyarta ko ɗaya, yau kuwa jariri kafin a yanke masa cibi an ɗauke shi. Talaka ya samu abin da a da sai mai hali. Matsalar ita ce duk tarin nan a wuri ɗaya yake, kuma wurin nan shi ne abin da ya fi komai yawo da faɗuwa da shiga hannun ɓarawo a cikin kayan mutum.

Memorin ma da ake jingina da shi ba abin amana ba ne. Akwai na jabu birjik a kasuwa, an rubuta giga 64 a jiki, na gaskiyar bai wuce 8 ba. Zai yi ta karɓar hotuna ba musu, yana taka na baya da na gaba, sai ran da ka buɗe ka tarar da allo toka-toka. Akwai wanda ya kai nasa wurin masu turi a zuba masa fina-finai, ya dawo da cutar kwamfuta ta ɓoye masa komai. Ko na ƙwarai ne, 'yar wutar da ke riƙe da bayanai a cikinsa tana zurarewa a hankali in an ajiye shi shekaru ba a jona ba, zafi kuma na ƙara mata sauri. Mu kuwa garin da Afrilu ke wuce digiri 40 muke, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina.

Zauna a benci wurin masu gyaran waya na awa ɗaya, za ka ga abin da nake faɗa. Na ga wata dattijuwa ta zo da waya naɗe a bakin mayafi, ta faɗa bokitin wanki. Yaron ya kwance ta, ya goge da burushi da fetur, ya hura mata iska mai zafi, ya jona waya biyu a allon yana kallon allurar mitarsa. Allura ba ta motsa ba. Ya ɗago ya ce, "Inna, injin ya ƙone. Kin san lambobin imel naki?"

Ta ce, "Wane imel kuma, ɗana? Wanda yas sai min ita shi yab buɗe. Ni dai hotunan jikokina nika so, da na Alhaji."

Ya tambayi layin da aka buɗe imel ɗin da shi. Ta ce wancan ya ɓace tun tuni, ba ta yi welkom-bak ba, sabo ta saya. Yaron ya mayar da murfin ya ɗaure da roba ya miƙa mata, ya ce ta yi haƙuri. Alhajin da take faɗa ya rasu. Wataƙila hotunansa suna nan lafiya a wani rumbu a wata ƙasa, ƙarƙashin sunan da wani yaron shago ya ƙirƙira cikin minti biyu ya manta. Wannan ita ce asarar da ta fi yawa a garin nan, ta fi ta sata, kuma ba a ganin ta sai ranar buƙata.

Masu ilimin zamani za su ce ai magani shi ne rumbun intanet, Google Photos ko iCloud. Yana da amfani ƙwarai, ni ma ina amfani da shi. Sai dai ajiya ce a rumbun wani, mai rumbu ke da makulli, shi ke yanka haya, kuma yana iya sauya magana. Google Photos ya fito a 2015 da alkawarin ajiye hotuna kyauta ba iyaka. Ranar 1 ga Yunin 2021 aka janye alkawarin, aka koma giga 15, wanda imel da sauran takardu ke ci a ciki. Daga ƙarshen 2023 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ita ma ta shiga cikin lissafin. Apple giga 5 kacal yake bayarwa kyauta. Yi lissafi da kanka: hoton wayar yanzu yana kai mega 4, ke nan giga 15 ba zai ɗauki 4,000 ba. Mai hotuna 20,000 yana buƙatar kamar giga 80, ban da bidiyon kamu da na walima, waɗanda su ne masu cin wuri na gaske. Ragowar sai da kuɗi duk wata, da katin banki mai aiki, da data, wadda hukumar sadarwa ta amince a ƙara wa kuɗi da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Ran da wurin ya cika wayar za ta daina turawa, ta aiko da ɗan saƙo da Turanci, mai ita ya share shi da yatsa bai karanta ba.

Akwai wasu tarkuna biyu da ba a cika faɗa ba. Na farko, wayar da rumbun tafiya ɗaya suke yi: abin da ka goge a nan, can ma ya gogu, bayan 'yan makonni a kwandon shara ya tafi har abada. Yaro ya ɗauki waya yana wasa, ko kai da kanka kana neman wuri ranar biki, shi ke nan. Na biyu, tun Disambar 2023 Google ya ce yana iya rufe asusun da aka shekara biyu ba a taɓa ba. Kuma kamfani komai girmansa yana ɓatar da kaya. A 2019 MySpace ya fito ya ce waƙoƙi da hotunan da mutane suka ɗora tsawon shekara goma sha biyu sun salwanta wajen sauya na'urori. Mu nan ma mun ga wani salon: a Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga. Wanda duk ajiyarsa ke intanet, a kwanakin nan ba shi da ita.

Wasu kuma, musamman mata, da gangan suke ƙin ɗora hotunansu ko'ina, kuma ban ga laifinsu ba. An sha jin hoton matar aure ba mayafi ya fita daga wayar da aka kai gyara ya shiga duniya. Wanda ke tsoron haka yana da hujja. Sai dai barin komai a waya ɗaya bai kawar da wannan haɗari ba, ita ce ma ake miƙa wa baƙo a kasuwa. A cire memori kafin a ba da gyara, a sa kalmar sirri mai ƙarfi wadda ba shekarar haihuwa ba, a ajiye na sirri a faifan da ke kulle a gida.

Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, shi ya yaɗa ƙa'idar da masu sana'ar ke bi yanzu: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Da na fara jin ta dariya ta kama ni, don mai hoton unguwarmu ya riga shi. A yanayinmu ga yadda take: ɗaya a waya ko kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje wanda ake jonawa a kwafa a cire a mayar cikin jaka, kar a bar shi a jone wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone shi, na ukun kuma a intanet ko a gidan ɗan'uwa a wata unguwa. Na ukun nan shi aka fi rainawa. Wanda ya ga ambaliyar Satumbar 2010, wadda ta cinye ƙauyuka ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko gobarar Babbar Kasuwar Sakkwato ta Janairun 2021, ya san kwafi biyu a ɗaki ɗaya kwafi ɗaya ne. Faifan kuma a riƙa buɗe shi ko sau ɗaya a shekara a ga yana karantuwa, in ya kwana biyu a saya sabo a juye. Aikin ba ya ƙarewa, kamar yadda kwafar littattafai ba ta ƙare da almajiri ɗaya ba.

Kar kuma a ɗauka turawa a zauren WhatsApp na dangi ajiya ce. Yana matse hoto ya rage masa kyau, ya cire ranar da aka ɗauka da ke ɓoye a jikinsa, ya raɗa masa suna irin IMG-20230421-WA0007, wanda ranar turawa kawai yake nunawa. In ana son ya isa yadda yake, a tura shi a matsayin takarda. Facebook ma matsewa yake yi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne suna. A Bamako an yi wani mai hoto, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shago a 1948 ya ɗauki dubban mutane, ya kuma adana baƙin fim ɗinsa da kyau. A farkon shekarun 1990 Turai ta gano shi, yau hotunansa na rataye a manyan gidajen tarihi na Faris da New York. Amma je ka duba ƙasan yawancinsu: babu sunan wanda ke cikin hoton. Mace ce kyakkyawa da ɗaurin kallabi, 'yar wani ce, uwar wasu ce, ba wanda ya san ko wace ce. Hoton ya tsira, mutumin ya ɓace. Haka tarinmu zai zama ko da faifan bai mutu ba. Wa zai zauna ya tone hotuna 20,000, rabinsu hoton allo ne da rasit na tura kuɗi da gaisuwar Juma'a, kowane taro an ɗauke shi sau goma sha biyar, don ya gano wace ce kakarsa? Gwaggona da 'yan hotunanta ta fi mu sanin abin da ta mallaka.

Saboda haka ni a ganina gogewa rabin ajiya ce. A zubar da tarkace, a raba sauran shekara-shekara, a sa wa kowace jaka suna da Hausa yadda ɗan gida zai gane: auren wance, sunan wane, Babbar Sallah ta shekara kaza. Sannan a zaɓi talatin ko hamsin a shekara a kai a wanke a takarda, kwafi biyu ko uku, a rubuta a baya. Hoton takarda ba ya neman caji, ba ya tambayar kalmar sirri, kuma tsohuwar da ba ta iya latsa waya ba za ta iya riƙe shi.

Saura maganar da ba mu son yi. Mutum ya rasu, wayarsa a kulle da zanen yatsa. An yi bakwai, an yi arba'in, an zo rabon gado, waya ta shiga lissafi a matsayin kaya, aka kai kasuwa aka yi mata filashin aka sayar. Hotunan 'ya'yansa tun suna goye sun tafi, kuma ba wanda ya yi niyyar mugunta. Google na da tsarin da mutum zai ambaci wanda za a ba ajiyarsa in an daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba, Apple ma ya kawo irinsa a 2021, amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa buɗe wurin. Mafi sauƙi shi ne a rubuta imel da kalmar sirri a takarda, a sa cikin ambulan tare da takardun gida da na gona, a gaya wa mutum ɗaya amintacce. Mun saba rubuta bashin da ke kanmu saboda mutuwa, wannan ma amana ce ta 'ya'ya.

Mai karatu, in akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku mai gwangwanin hotuna, da su za ka fara, kafin naka. Ka je da rana, ka shimfiɗa su a inuwa inda haske ke da kyau, ka ɗauki gaba ka ɗauki baya, ka tambayi sunan kowa da garin da aka kai shi, ka rubuta nan take. Sannan ka tura wa 'yan'uwa biyu da ba gari ɗaya kuke ba. Kar ka jira Sallah.